Toka a Ƙarƙashin Lababo

Iliyasu direba yana durƙushe a cikin mota, yana tsane ruwan da ya kwanta a gindin batir da wani tsohon tawul, sai ya ji takun Madam Balkisu ungozoma a bayansa. Bai waiwaya ba. Ya matse tawul ɗin a bokiti, ya sake shimfiɗa shi, sai ka ce yawan matsa zai sa ruwan ya ji kunya ya daina zuwa.

"Matsa in gani, Malam Iliyasu," ta ce.

Ya ja gefe. Ta leƙa cikin lababon, wato farin kwanon roba da take wanke hannu a ciki kafin ta taɓa kowace mace. Tsaga ce siririya ta taso daga ramin da ruwa ke fita, ta haura har baki. Jiya da suka dawo daga Deule ba ta kai rabin haka ba.

"Wanga ba yoyo ba na kuma," in ji ta. "Ya hwashe."

Motar nan ba don aikin asibiti aka ƙera ta ba. Ta masu yawon buɗe ido ce, irin wadda ake kwana a ciki, da gado da ɗan firigo da lababo mai famfon da ake takawa da ƙafa. Wata ƙaramar ƙungiya ce ta saye ta, ta shafe ta da farin fenti, gadon ya koma na awon ciki, firigon ya koma na ajiye allurar rigakafi. A ƙauyukan Buza ba wanda ya taɓa karanta sunan da aka rubuta a jikinta. Mota mai ɗaki ake ce mata, kuma shekara shida ke nan Iliyasu ne ke riƙe da makullinta.

Gobe da safe ya kamata su je Allakaye, zagayen ƙarshe kafin damina. Kwana uku hadari na taruwa a gabas yana watsewa, kowa kuwa ya san da zarar ƙoramu sun kawo ruwa, hanya ta yanke sai bayan watanni. Mata arba'in da ɗaya ne ke jiran Balkisu a can. Ga shi Shef Abdulaziz, mai kula da motocin ƙungiyar, yana tafe daga Madawa da la'asar, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: motar da ba a iya wanke hannu a cikinta ba ta fita aiki. Sai a mai da ita gareji ta jira sabon lababo daga waje.

"Na aika mishi da hoto," Balkisu ta ce, tana duban wayarta. "Ya ga simintin ga da anka liƙe bakin lababo da shi. Ya ce wanda duk yay yi wanga aiki, yau shina aje makulli bisa tebur. Na ce mishi ni ban sani ba, na zaci 'yan gareji na."

Iliyasu ya ce, "To," ya ci gaba da matse tawul ɗin da babu sauran ruwa a jikinsa.

Ba 'yan gareji ba ne. Sati uku da suka wuce lababon ya fara ɗiga ta gefe. Iliyasu yana da ragowar siminti a gida, kuma da shi ya liƙe gindin famfon tsakar gidansa, har yau ko ɗigo babu. Sai ya kwaɓa shi ran wata Lahadi ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya zagaye bakin lababon da wuyan bututun, ya bi da babban yatsa ya shafe shi sumul. Ya ji daɗin aikin ƙwarai, har yana jiran a yaba ya ce shi ne. Yabon bai zo ba, tsagar ce ta riga shi.

Ya bar motar a harabar asibiti ya gangara kasuwa da ƙafa, don ranar ce kasuwar Buza ke ci. Shagon Almu mai kayan famfo ya nufa. Almu abokinsa ne tun na ƙuruciya, shi ya sa ya saurare shi har ƙarshe kafin ya yi dariya.

"Lababon mota? Ko Yamai sai an yi odarshi. Silikon gare ni, amma silikon ba ya ɗumke robar da tah hwashe." Ya jingina da kanta yana kallon Iliyasu. "Kai ko, mai tsare ruwa shina gidanku, kana yawon shaguna? Shekara arba'in tsohonka na ɗumkin guga. Wa ka taɓa ji ya maido mishi da guda don yoyo?"

"Guga daban, mota daban."

"To, tahi ka gaya ma Shef hakanan."

Iliyasu ya fito ya tsaya a rana. Daga nan yana hango gawon da ke ƙarshen layin masu igiya, da gugunan baƙar roba da ke rataye a reshensa suna lilo. A ƙarƙashinsu Maiguwa, mahaifinsa, yake zama kowace ranar kasuwa, yana yanka tsohuwar robar cikin taya yana ɗinka gugan rijiya. Yana ɗan shekara goma sha biyar Iliyasu ya tashi daga gindin gawon nan ya bi manyan motoci, yana cewa shi ba zai ƙare rayuwarsa a kan mushen taya ba. Ba faɗa suka yi ba. Yana zuwa gaisuwa gida, yana kai abin da ya samu. Amma a shekara shida bai taɓa tsayar da farar motar a gaban gawon ba, kuma da abokan aiki suka tambayi sana'ar tsohonsa, cewa ya yi ɗan kasuwa ne.

Ya je ya durƙusa ya yi gaisuwa. Maiguwa ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Wannan ba fushi ba ne. Iliyasu ɗan fari ne, tsohon kuwa mutumin da ne: bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya kallonsa ido da ido, in kuma magana ta kama, sai ya gaya wa na kusa ko ya gaya wa abin da ke hannunsa. Iliyasu ya yi bayanin lababo tun daga yoyo har tsaga, ya tsallake siminti kamar yadda ake tsallake kwata.

Maiguwa ya ja zare ya ɗaure, ya ce wa gugan da ke cinyarsa, "Ba a gyaran abin da ba a gani ba. A kawo ta."

"Nan, Baba?"

"Nan nike."

Haka aka yi farar mota ta kutso layin masu igiya da hantsi, tana ture jakuna da hon, ta tsaya a inuwar gawo. Masu sayar da igiya suka bar ciniki suka zuba ido. Balkisu ta sauko, ta dubi gugunan, ta dubi tsohon mai guntun farin gemu da rigar da baƙin roba ya rina wa gaba, sannan ta dubi Iliyasu da idon da ke tambayar ko zafin rana ne ya taɓa shi. Duk da haka ta rusuna ta gaishe shi.

"Lahiya lau, ɗiyata," in ji Maiguwa. Ya wanke hannu da ruwan buta, ya tuɓe takalmi a ƙofar mota kamar mai shiga ɗakin mutane, ya hau.

Bai taɓa tsagar ba. Simintin ya bi da yatsa, a hankali, tun daga wannan gefe har wancan. A tsakiyar shafen akwai wani ɗan layi da ya zagaye lababon gaba ɗaya, siriri kamar an ja shi da tsinke. Iliyasu ya tura hannunsa na dama cikin aljihu. A kan babban yatsan nan akwai tabon da wuƙar yankan roba ta yi masa yana yaro, kuma duk abin da ya shafa da shi sai tabon ya bar sawu. Yatsan tsohon ya daɗe a kan layin. 

"Ɗiyata," ya ce daga baya, "gaya ma shofer ɗinki shi tada mota. Shi kai mu hanyar da tah hi kowace muni."

"Baba, lokaci gare mu kaɗan. Ba gyara za a yi ba?"

"Gyaran ke nan. Ni ban san rawar da takai ba, ƙaƙa za ni ɗumka mata riga?"

Suka fita bayan gari, inda hanya ta zama tsakuwa da gargada. Maiguwa ya zauna dirshan a ƙasan mota, ya buɗe ƙofar akwatin da ke ƙarƙashin lababon, ya ɗora tafin hannu ɗaya a kan katakon sama, ɗaya a jikin bangon mota, ya rufe ido. Motar na kaɗawa, kwalabe na kuka, Balkisu ta riƙe gado da hannu biyu, shi kuwa ko gezau, ya karkata kai kamar mai sauraron magana daga ɗakin maƙwabta. Iliyasu yana satar kallonsa ta madubi. Bai taɓa ganin wani makanike ya saurari mota haka ba, kuma ya ga makanikai da yawa.

"Ya isa," in ji tsohon. Da suka tsaya sai ya nuna wa Balkisu da yatsu. "Katakon ga na tahiya kamar kaurin yatsa guda, gaba da baya. Kwanon kuma na son shi bi shi. Da can akwai wani abu mai taushi tsakaninsu, ya tsuhwa, shi ya sa ruwa sunka samu hanya. Sai anka zo anka ɗaure su da siminti. Siminti na gida na, ɗiyata, gida ba shi zuwa ko'ina. Da kwanon yar rasa wurin motsi, sai yat tsage."

"To a liƙe tsagar?"

"A'a. Wanga ya gama aikinshi. Sabo za a sa."

"Ina za mu samu sabo a Buza?"

"Layin masu kwanoni."

 Da suka koma kasuwa Maiguwa ya tsinke karan dawa, ya auna faɗin ramin katakon da zurfin akwatin, ya karya karan daidai. Da shi ya shiga layin masu kwanoni, Balkisu na biye. Ya wuce masu fenti da masu fure bai ko kalle su ba. Kwanonin silba yake ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ya gwada kara, ya ƙyasta gindin da farce ya kai kunne. Mai kwanonin ya gaji har ya tambaya ko tsohon aure zai yi. A na tara ya tsaya, wani mai kauri mai faffaɗan leɓe.

"Wanga ba shi tsatsa, kuma leɓen na da wurin zama," ya ce.

Aikin ya fara gadan-gadan bayan azahar. Iliyasu ne ya ɓamɓare simintin da guduma da kurfi, kuma kowane bugu a ƙirjinsa yake jin sa. Suka ciro tsohon lababon, suka kwance ƙarfen wuyan bututu, wanda ya fito lafiya. Maiguwa ya kankare katakon da wuƙa har sai da farinsa ya fito, ya ce a buɗe ƙofofi rana ta busar da shi. Ya ari guntun kututture wurin mai sayar da turmi, ya ɗora gindin kwanon a kai, ya zana da'ira da bakin ƙarfen bututun. Bugu ƙanana yake yi, yana juya kwanon da yatsun ƙafa, har ƙaramin faifan silba ya faɗo. Sannan ya bi bakin ramin da magagari, yana shafawa da yatsa, yana sake bi, sai da ya iya zagaya shi da leɓen tsumma ba tare da zare ɗaya ya kama ba.

Da ya jawo robar taya, Balkisu ta ɗaga hannu.

"Baba, yi haƙuri. Nan hannun da ka taɓa mata masu ciki za a wanke. Wagga roba daga ina ta hito?"

Iliyasu ya zaci tsohon zai ji haushi. Sai ya ga ya yi murmushi, ya miƙa mata robar.

"Kin yi tambaya. Guga ma ruwan sha shika ɗebowa. Wanke ta yadda kuka wanke kayanku, in jira."

Ta wanke ta da sabulu, ta jiƙa a ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, ta ɗauraye. Shi kuwa yana zaune yana wasa wuƙa a kan dutse. Da robar ta bushe ya yanka zobe biyu, ɗaya na cikin kwano, ɗaya na ƙasa, ba tare da ya zana komai ba, kuma da aka ɗora su a kan juna sai ka ce ɗaya ne. Ya yanka wata doguwa, ya naɗe ta biyu, ya ɗinke ta da basilla irin ɗinkin bakin guga, ya sa wa leɓen kwanon ita kamar ana sa wa yaro hula. Inda bakin robar biyu suka haɗu, ya fere kowanne a karkace har suka kwanta a kan juna babu tudu. Mutane sun taru a ƙofar mota suna kallo. Yatsun nan da suka kumbura a gaɓoɓi, waɗanda ba sa iya riƙe kofin shayi ba tare da rawa ba, da sun kama basilla sai su natsu.

Kwanon ya zauna a ramin daram. Maiguwa bai yarda a sa ƙusa ko ɗaya ba. Ya yanka madauri huɗu na roba, ya ce za a kama kwanon da su ta ƙasa a ɗaure a jikin katako, yadda zai riƙu amma ya samu wurin numfashi. Sai dai bayansa ba ya lanƙwasuwa ya shiga akwatin. Iliyasu ne ya kwanta rigingine ya tura kai ciki, fuskarsa dab da gwiwar mahaifinsa.

"Ɗiyata, ce ma shofer shi ja na hagu. Shi ƙara. Ya yi yawa, shi sassauta kaɗan. Yauwa. Yanzu ce mishi shi murɗa zoben bututu da hannu, ban da ƙarhe. In ya ji roba ta hwara turo shi, shi ƙara rabin juyi shi bari."

Balkisu tana maimaita saƙon tun tana yi da gaske har ta fara jin abin ya yi mata yawa. Mutum yana nan a gindin ƙafarka, me ya sa sai an bi ta wani? Ta dubi tsohon, wanda ya kafa ido a bangon mota. Ta dubi hannun da ya leƙo daga cikin akwati yana laluben madauri, ta dubi hannun da ke miƙa masa, faɗinsu ɗaya, har lanƙwasar ƙaramin yatsa. Ita ma 'yar fari ce, har uwarta ta rasu ba ta ji sunanta a bakinta ba.

"Baba," ta ce a hankali, "ɗanka na hwari na?"

Maiguwa ya yi gyaran murya, ya ce a miƙo masa ruwa. A cikin akwati hannun Iliyasu ya tsaya cak, sannan ya ci gaba da ɗauri.

Ana kiran la'asar Shef Abdulaziz ya iso, bayan ya je asibiti an ce masa motar tana layin masu igiya. Dogon mutum ne mai tabarau, wanda bai saba a ajiye masa mota tsakanin jakuna ba. Ya hau, ya dubi kwanon da ke ƙyalli a mazaunin lababo, ya dubi baƙar robar da ta zagaye shi.

"Madam, mi ne ne wanga? Kwanon tuwo?"

"Lababo na, Shef."

"Da robar taya? Wanga ba shi cikin ƙa'ida. Tsaye ba shi yoyo, na yarda. Kilomita biyar bisa hanya, ruwa na bisa batir, firigo ya mutu, allurai sun lalace. Wa za ya amsa?"

Maiguwa bai yi gardama ba. Ya sauka ya je wurin mai tuyar ƙosai, ya dawo da toka cike da murfin kwano, fara, busasshiya. Ya barbaɗa ta a ƙasan akwatin, ya baje ta da tafin hannu har ta rufe ko'ina, ya shafa wata a jikin bututun. Ya toshe ramin kwanon, ya taka famfo sai da ruwa ya kusa baki, ya rufe ƙofar akwatin.

"Ranka shi daɗe, toka ba ta ɓoye ruwa. Ɗigo guda in ya sauka, za ka ga baƙi. Kai za ka zaɓi hanya."

Shef ya zaɓa, kuma bai sauƙaƙa musu ba. Ya zauna kusa da Iliyasu yana cewa ya ƙara wuta. Suka hau tsakuwa, suka faɗa ramuka, suka gangara busasshiyar ƙorama suka haura. A baya ruwa yana tsalle yana fantsama a kan katako, yana kwanciya a gefen robar.  Da suka tsaya, Maiguwa ya zare toshiyar, ruwan ya bi bututu ya sauka cikin jarkarsa. Shef ya durƙusa da kansa, ya buɗe akwatin, ya haska fitilar waya. Ya daɗe a ciki. Ya shafa bututun, ya dubi yatsansa, ya sake haskawa can lungu.

Tokar tana nan fara fat, har sawun tafin hannun tsohon bai ɓace ba.

Shef ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Ya cire tabarau ya dubi Maiguwa sosai, irin kallon da bai yi masa ba da farko.

"Baba, ina ka koyi wanga?"

"Bakin rijiya."

"Bon, shi ke nan. Gobe mota ta tahi Allakaye." Balkisu ta sauke ajiyar zuciya har ana ji. Amma Shef bai gama ba. Da suka koma gindin gawo, ya sunkuya ya ɗauki guntun siminti daga cikin tarkacen da aka zubar, ya juya shi a hannu. "Saura wanga. Na ce wanda yay yi shi za ya aje makulli, kuma ban canza ba. Baba, kai da ka san hannu, aikin wa ne ne?"

 Maiguwa ya karɓi guntun, ya bi ɗan layin nan da farce.

"Wanda yay yi wanga, hannunshi na da kyau. Duba yadda yas shahe shi, ja guda, babu tsayawa. Abin da za a sa na ba a gwada mishi ba. In laihi kaka nema, ranka shi daɗe, shina wurin wanda ya kamata shi koya mishi, yab bar shi yat tahi bai koya ba."

Iliyasu ya sunkuyar da kai. Kunya ce, amma ba irin wadda ya shekara shida yana ɗauke da ita ba. Ya ciro makullin daga aljihu, ya matso.

"Ni na, Shef. Ni nis sa siminti, ban gaya ma kowa ba." Ya ɗaga murya yadda har mai ƙosai za ta ji. "Wanga kuma mahaihina na. Guga shika ɗumki. Nan gindin gawon ga nit tashi."

Shef ya dubi makullin da aka miƙo masa, bai karɓa ba. Ya dubi uban, ya dubi ɗan, ya sosa ƙeya.

"Akwai mota biyu irin wagga a Madawa," ya ce, "duk lababonsu na yoyo, wata huɗu muna jiran kaya. Baba, in na aiko a ɗauke ka, za ka zo?"

"A'a. Ruwa na tahe, ban gyara gona ba. Kuma gugunan ga na mutane na, suna jira." Maiguwa ya zauna a kan buhunsa, ya jawo gugan da ya bari tun safe. "Amma wanda yak kwanta cikin akwati ya ga komi. Ta ƙasa ma shi yag gani, ni ban gani ba."

Shef ya tura hannun Iliyasu da makullin baya.

"Dakor, na yarda. In kun dawo daga Allakaye, ka zo Madawa ka yi mani biyun. Da toka za ni duba. In ta tashi hwara, na manta da siminti. In na ga baƙi, ka san inda tebur yake."

Ya shiga motarsa ya tafi. Kasuwa ta fara watsewa, iska mai ɗan sanyi ta taso daga gabas tana kaɗa gugunan. Iliyasu ya share cikin motar, ya kwashe tokar, ya je ya durƙusa ya yi sallama. Tsohon ya amsa wa gugansa. Sai da Iliyasu ya buɗe ƙofar direba ya ga wani ƙunshi a kan kujerarsa, an naɗe shi da baƙar roba an ɗaure. Ya kwance. Basilla ce, da ƙullin zare, da wuƙar nan mai ƙotar ƙaho wadda ya sani tun kafin ya san sitiyari.

Ya juya. Maiguwa ya riga ya ɗauko wata tsohuwar wuƙa yana gwada kaifinta, idonsa a kan Balkisu da ke shirin hawa mota.

"Ɗiyata," ya ce, "gaya ma shofer ɗinki na wasa wuƙar ɗazu. Shi kula da yatsan."